Harafi Ɗaya

A gidanmu, bakin tafkin Pielinen,
maza ba sa furfura.
Kakana Aukusti ya faɗi a dawa da gatari a hannu,
itacen da yake sara ya fi shi daɗewa a tsaye.
Babana kuwa, wata Talata,
yana jan koma ta ramin da ya huda a ƙanƙara,
ya dafe ƙirji kamar mai laluben ashana a aljihu,
ya zauna.
Kifin da ya kama bai gama shure-shure ba, shi ya gama.
Shekararsa arba'in da huɗu.

Mutanen ƙauye suka ce man shanu ne.
Suka ce taba, suka ce gishirin kifi, suka ce sanyi.
Sai na yi wa man shanu saki uku,
na bi dusar ƙanƙara da gudu asuba da magariba
har na koma kamar sillen kara.
Wana Reino ko a jikinsa.
Yana shafa wa burodi mai kamar mai yaɓen ɗaki,
yana dariya tumbinsa na rawa.

A asibitin Joensuu aka ɗebi jininmu rana ɗaya,
kwalba biyu, sunan uba ɗaya.
Bayan mako shida likita Saarelainen ta cire tabarau ta ce:
kowa da littafinsa a cikin jini,
rabi daga uwa, rabi daga uba.
Can baya, kafin a gina cocin garinku,
hannun mai kwafe ya zame a harafi ɗaya.
Tun ranar, ƙofar da hanta ke kwashe maiƙo daga jini
rabi take buɗewa,
sauran ya bi jijiya yana kwanciya
kamar tsatsa a bututun famfo.
Ta dubi Reino ta ce, ba ka ɗauko ba.
Ta dube ni, ta mayar da tabarau.

An ce kyan ɗa ya gaji ubansa.
Wanda ya faɗa bai san abin da ke cikin gadon ba.
Reino ya ɗauki jirgin kwale-kwale da agogon bango,
ni na ɗauki harafin.
Ciki ɗaya, nono ɗaya, tebur ɗaya,
ashe rabon ba a tebur aka yi shi ba.

A mota ban ce masa uffan ba.
Na so in tsane shi, har na fara.
Wajen gadar Uimaharju ya tsaya a gefen hanya,
ya kifa goshi a sitiyari,
ƙaton nan ya yi ta kuka kamar an ƙwace masa nono.
Ya ce, da ana musaya, Onni.
Na ce, ja mota, za ka sa mu makara.

Yanzu kowane dare ƙwaya ɗaya, fara, ba ta kai ƙwayar wake ba.
Babana bai same ta ba, kakana bai ji labarinta ba.
Likita ta ce harafin gargaɗi ne, ba hukunci ba.
Na yarda, galibin ranaku.

'Yata Inkeri, shekara tara,
ta miƙa hannu ga allura jiya ba ta ko runtse ido ba.
Ta tambaye ni, wane harafi ne, Baba?
Yana cikin sunana?
Sai nan da mako shida.
Ina ƙirga kwanakin kamar mai bin bashi.

Da safen nan, ina aski,
na ga farin gashi guda a gefen kunne.
Na daɗe a tsaye, kumfa na bushewa a fuskata.
Na kira Reino a waya na ce, zo ka gani,
wani abu ya fito a gidanmu
da ba a taɓa shukawa ba.